Wurin da Merle Ba Ta Taɓa Rubutawa Ba

Shekara ashirin da shida na yi a bayan kantar gidan waya na Mullewa, kuma a duk garin ba wanda ya sa ni shara kamar Merle Treloar. Ranar Talata take zuwa, da kwalin takalmi a hammata cike da ƙananan ambulan, ta zazzage su a gabana, ƙaiƙayi ya tashi ya shiga hancin duk wanda ke kan layi. Ba ta taɓa ba kowa haƙuri ba. Sai dai ta dubi mai atishawa ta ce ya gode, a Edinburgh sai an biya kuɗi ake shaƙar wannan.

Anti Merle nake ce mata, ko da yake ba jini tsakaninmu. Ƙawar mahaifiyata ce, kuma katanga ɗaya ta raba gidanta da namu. Doguwa ce siririya, rana ta gasa wuyanta da bayan hannayenta har sun yi kamar tsohuwar jakar fata, kuma ba a ganinta sai da hular mijinta mai faɗin baki. Mijin, Len, mai gyaran shingen waya ne a gonakin tumaki na Murchison. Tana bin sa daji tana yi masa girki, zaman banza a gindin bishiya ya ishe ta, ta fara cika rigar matashin kai da busassun kawunan furanni. Len ya rasu, shingen ya koma hannun wasu, ita kuwa ta ci gaba da tsintar irin furannin daji har shekara arba'in.

Masu sayen irin nata mutane ne da har yau ban gama gane kansu ba. Yawancinsu tsofaffi ne a Scotland da Japan da ƙasar Czech, waɗanda ke sayen duwatsu da kuɗinsu su jibge a bayan gida, su shuka fure a tsaga, sannan su kwanta rub da ciki suna kallonsa. Mahaifina kuwa a kwashe duwatsu daga gona ya ƙarar da ƙashin bayansa. Amma mutanen kirki ne, suna rubuto wasiƙa da hoto a ciki, wani fure da bai kai farce ba an ɗauke shi kamar ango. Merle na manna hotunan a ƙofar firij, kuma tana kiran masu su da sunayensu kamar maƙwabta.

A wannan sana'a ambulan ba ya fita sai da abu huɗu a bayansa: sunan fure, lamba, ranar tsinta, da wurin da aka tsinta. Masu lambun duwatsu sun damu da wurin, don su san irin ƙasa da irin sanyin da furen ya saba. Merle tana faɗa musu gaskiya game da ƙasa da dutse da inuwa, ba ta yarda ta cuci mai shuka ba. Amma sunan wurin, in furen na musamman ne, ƙarya take shararawa ido buɗe. Tana da dalili. Tun tana sabuwar shiga ta rubuta gaskiya a bayan wani ambulan, da ta koma wurin a shekarar da ta biyo ta tarar an tsige komai har saiwa. Ba ta san wanda ya yi ba, amma ta ɗora wa Clarrie Hoskin, wani mai tsinta na Yalgoo, saboda kawai shi ne ya fi kusa kuma ba ta son yadda yake dariya.

Ƙaryar ba ta tsaya a ambulan ba. Har a littafinta na daji, wanda ke zama a aljihun akori-kurarta, ƙarya take rubutawa, wai kada wani ya leƙa lokacin da ta shiga kanti. Na taɓa tambayarta ina gaskiyar take, ta ƙwanƙwasa goshinta da yatsa ta ce a nan, inda Clarrie ba shi da mabuɗi. Na yi dariya a lokacin, kowa ma ya yi.

Abin da ta fi ɓoyewa wata 'yar mulla mulla ce. Mulla mulla dai furen daji ne da ake samu ko'ina, kana fita gari za ka gan ta har gwiwa a bakin hanya. Amma wannan guntuwa ce, ba ta wuce tsayin babban yatsa ba, ganyenta fari-fari kamar an barbaɗa gari, kanta ruwan hoda mai laushi kamar jelar zomo. A tsagar dutse guda ɗaya Merle ta taɓa ganinta, kuma ba ta fitowa sai shekarar da ruwa ya yi kirki. Guntuwa take ce mata. Saboda Guntuwa aka san sunan Merle a ƙasashen da ba ta taɓa takawa ba, kuma duk shekarar da ta tsinto ta sai ta ƙirƙiro mata sabon wuri, tana rubutawa tana murmushi.

Sai muka yi shekara bakwai ba ruwan kirki. A cikinsu na ajiye aiki, irin Guntuwa da ke cikin kwalabanta ya ƙare ƙaf, ita kuma Merle ta fara barin buta a kan wuta har ta ƙone. Wata rana ta kira ni da sunan mahaifiyata, ta gyara, ta ce ai laifina ne da na tsufa da fuskar wata. Likita a Geraldton ya duba ta ya ce ta daina tuƙi. Ta dawo tana zaginsa tun daga bakin teku har ƙofar gida, amma ta miƙa min mabuɗin motar, kuma wannan ya ba ni tsoro fiye da butar.

A shekara ta takwas ruwa ya sauka tun Mayu, ya ƙara a Yuni, ya ƙara a Yuli. Zuwa Agusta daji ya rufe da fure har ba ka ganin ƙasa. Merle ta warware kamar an sauya mata batir. Ta wanke rigunan matashin kai goma sha biyu ta shanya, ta gyara rariyoyinta, ta sabunta lasisin tsinta. Ta ce min in shirya sati na biyu na Oktoba, domin kan Guntuwa kwana goma yake yi da nuna kafin iska ta kwashe shi, kuma ita shekararta saba'in da bakwai, ba ta da wata bakwai ɗin da za ta ba fari. Haka ta faɗa, ba ta rage murya ba.

Muka fita ranar Litinin da sassafe, ni a kan sitiyari, ita a gefe da hannu a waje tana nuna hanya kamar mai gari. Mun ɗauki ruwa jarka uku, burodi, naman rago mai sanyi da gwangwanin biskit. Ta ce in bi hanyar Yalgoo, in karya arewa, za mu ga ƙofar shinge da aka rataya wa tsohuwar taya, daga nan sai injin iska mai jawo ruwa, sai dutse mai kama da saniya a kwance. Amma duk wanda ya san Murchison ya san kowace ƙofa da tayarta, kowace rijiya da injinta, kuma in ka gaji kowane dutse saniya ne.

Ranar farko mun buɗe ƙofa goma sha ɗaya. Ni ke sauka in buɗe, in wuce da mota, in sauka in rufe, ƙudaje na bin bayana kamar na ci bashinsu. Duk da haka ba zan ce ban ji daɗi ba. Merle a daji wata mace ce daban. Tana tsayar da ni don kawai ta murza kan fure a tafin hannu, ta hura, ta nuna min iri mai ciki da wanda ba komai a cikinsa. Mun cika riguna biyu da furannin takarda masu ruwan ɗorawa, kuma ta tsaya a kaina kada in wuce ƙa'ida: kai ɗaya a cikin biyar, sauran na tururuwa ne da na ƙasa. Da rana muka hura wuta muka dafa shayi a gwangwani, ta ba ni labarin yadda Len ya taɓa ɗinke wandonsa da wayar shinge. Amma dutsen bai fito ba.

Rana ta biyu ta ce ai kudu ne, ni ce na ruɗa ta da surutu. Muka yi kudu. Rana ta uku iska ta fara kaɗawa daga gabas, mai zafi, na ga tana kallon yadda gashin mulla mulla na bakin hanya ke tashi yana bin iska. Wajen azahar ta sa na tsaya a gindin wani dutse, ta hau da ƙyar, ta zagaya, ta sauko. Ta buɗe aljihun mota ta ciro littafin, ta daɗe tana juya shafi. Na ga ta tsaya a wani wuri ta karanta a hankali, kilomita goma sha biyu arewa da rijiyar Wandina, har fuskarta ta fara haske. Sai hasken ya mutu.

"Wannan don Clarrie na rubuta," in ji ta. Ta juya shafi. "Wannan ma. Rhonda, duk don Clarrie na rubuta su."

Ta rufe littafin ta ɗora a cinya. Ta ce tana ganin wurin a idonta, tana ganin tsagar, har da wata bishiyar da ta karkace a samansa, amma hanyar ce babu, kamar an ɗauke tsani an bar ta a kan rufi. Tausayi ya kama ni, haushi ma ya kama ni, domin shekara nawa ana gaya wa matar nan ta rubuta gaskiya ko sau ɗaya ta ɓoye a ƙarƙashin katifa. Na haɗiye haushin, na ce mata akwai mutum ɗaya a duniya da ya damu da wurin nan kamar ita.

Ta ce in na kai ta gidan Clarrie Hoskin za ta fita daga motar tana tafiya. Na ce ta fita, kilomita tamanin ne kawai zuwa kwalta. Ta ce mahaifiyata ma haka take, ba ta da kunya in ta riƙe sitiyari. Daga nan na juya mota muka nufi Yalgoo.

Clarrie na zaune a barandarsa yana tankaɗe iri a kan tsohuwar jarida. Gajere ne mai tumbi, ya haura tamanin, gira ta yi masa yawa. Da ya ga wadda ke saukowa daga motar sai ya ajiye rariyar ya miƙe, ya fara wannan dariyar da Merle ba ta so, mai kama da tari.

"Merle Treloar a ƙofata. Wa ya mutu?"

"Ba kai ba dai, abin takaici," ta ce. "Ɗora buta a wuta, tsoho, ba hira na zo yi ba."

Ni na yi bayanin, don ita ta kafa wa bango ido kamar ba da ita ake ba. Na zaci zai yi mata dariya, na ma shirya abin da zan gaya masa. Bai yi ba. Ya saurara har na gama, ya shiga ɗaki, muka ji yana jan akwati, ya fito da wata taswira da ta sha ninki har an lallaɓa ta da salatif. Ya ture kofuna ya shimfiɗa ta a kan tebur. An yi mata gicciye da jan biro nan da can, na ƙirga goma sha tara.

Ya ce duk shekarar da Guntuwa ta fito a jerin kayan Merle, sai ya sa ƙanwar matarsa da ke Perth ta saya masa ambulan ɗaya da sunanta. Ba irin yake so ba, bayan ambulan yake so. Ya karanta, ya cika tanki, ya tafi inda aka rubuta. Ya nuna wani gicciye ya ce a nan ya fasa taya biyu. Ya nuna wani ya ce nan ko dutse babu, fadamar gishiri ce, kuma ya tabbata tana dariya lokacin da ta rubuta. Merle ta ce ƙwarai kuwa, kuma ta tuna wannan. Bakinta ya ɗan motsa kamar za ta yi murmushi, karo na farko a ranar.

Sai ya ɗora yatsansa mai kauri a tsakiyar taswirar, inda ba ja ko ɗigo. Gicciyen duk sun kewaye wurin, gabas da yamma, kudu da arewa, sun bar fili kamar an ajiye faranti an zana gefensa.

"Kin aika ni ko'ina a Murchison, ban da nan," ya ce. "Mai ƙarya ba ya kusantar inda ya binne abinsa. Duwatsu uku ne kawai a cikin filin. Shekara goma sha ɗaya ke nan da na gane."

Merle ta sunkuya a kan taswirar har bakin hularta ya taɓa takarda. Da ta ɗago, muryarta ta canza. Ta tambaye shi sau nawa ya je ya tsince mata abu.

"Ban taɓa zuwa ba."

"Ƙarya kake."

"Ke ce mai wannan sana'ar, ba ni ba. In na je na samu, me zan riƙa yi a watan Oktoba?"

Ta ɗauki kofinta ta sha, ta ce shayinsa kamar ruwan wanke-wanke, sannan ta ce ya kasance a shirye ƙarfe shida, kuma kada ya zo mata da wannan karen nasa mai wari.

Washegari mu uku a gaban akori-kura, da karen a baya. Clarrie ya riƙe taswira, Merle ta riƙe bakinta na kusan rabin awa, wanda ban taɓa gani ba. Muka tsaya a gidan gonar da duwatsun ke cikinta muka nemi izini, matar gidan ta ce mu rufe ƙofofi kawai. Dutse na farko ba komai sai kashin awaki. A hanyar na biyu muka wuce wata ƙofa, da tayarta kamar kowace, sai na ji hannun Merle a gwiwata. Ba ta ce in tsaya ba, ba ta ce in karya ba, ta dai matse. Injin iskan ya faɗi tuntuni, ƙafafunsa kawai suka rage a cikin ciyawa, shi ya sa ko da mun biyo nan da ba lalle mu gane ba. Dutsen kuwa, in gaskiya za a bi, bai yi kama da saniya ba ko kaɗan.

Tun kafin in kashe mota ta buɗe ƙofa. Matar da jiya ta hau dutse tana nishi, yau sai ga ta tana tafiya kai tsaye, ta bi ta bayan wani ƙaton dutse, ta ratsa tsakanin biyu, ƙafarta ta san inda za ta taka tun kafin ta duba. Muka bi ta a baya, Clarrie na haki. Muka same ta a durƙushe ƙarƙashin wata karkatacciyar bishiya. Tsagar ta kai tsawon mota uku, kuma cike take da Guntuwa daga wannan baki zuwa wancan, ɗaruruwa, kawunansu sun fara yin fari. Iska ta riga ta kwashe na gefen gabas, amma sauran suna nan.

Ta murza kai ɗaya a tafin hannu, ta hura, ta duba, ta ce ya nuna. Ta fara tsinta, tana ƙirgawa a ƙarƙashin numfashi, ta wuce huɗu ta ɗauki na biyar. Clarrie na tsaye a gefe da hannaye a aljihu, yana kallon abin da ya nema shekara talatin. Ya ce ya zaci ta fi haka girma. Merle ta ce shi ma an zaci zai fi haka girma, ta jefa masa rigar matashin kai ɗaya, ta ce ya fara daga wancan bakin, kuma tana ganinsa, in ya ɗauki biyu a cikin biyar za ta sani. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara. Awa biyu suka yi suna matsowa juna a hankali, suna gardama a kan wanda ya fara sayar wa Japanawa, ni kuma na hura wuta na ɗora shayi.

Da suka gama muka zauna a inuwar dutsen muka cinye sauran biskit. Merle ta cire hula ta ajiye a gefe, iska na taɓa farin gashinta, fuskarta a sake kamar wadda ta sauke kaya. Can ta aike ni mota in ɗauko littafin da biro. Ta buɗe sabon shafi, ta riƙe biron, sai kuma ta miƙo min, ta ce hannunta ya saba da ƙarya, kada ya zame. Ta sa Clarrie ya karanto sunan gonar da na ƙofar daga taswira, ni na duba kilomita a mota, ita ta ƙara da faɗaɗɗen injin da karkatacciyar bishiya. Ta ce in yi kwafi ɗaya in ba tsohon, tunda ya biya da tayoyinsa.

Na fara rubutu, ta leƙo ta kafaɗata ta ce ya yi ƙanana.

"Da manyan baƙi, Rhonda. Ki kuma sa sunanki a ƙasa, da inda gidanki yake, don in ruwa ya sake yi in san wadda zan nema."

Na rubuta sunana, na rubuta cewa gidana na jikin nata.